Yadda Za Ka Tsara Wuninka na Farko a Alƙahira Idan Kai Kaɗai Ka Je

Mutanen Sakkwato da ke zuwa Alƙahira sun kasu kashi-kashi: akwai masu neman magani, akwai ɗalibai, akwai 'yan kasuwa masu saro kaya, kuma a 'yan shekarun nan an fara samun waɗanda buɗe ido kawai ke kai su. Ko wanne ne kai a cikinsu, idan ka sauka ba tare da abokin tafiya ba, za ka wayi gari a ɗakin masauki kana jin hayaniyar motoci ta taga, a birnin da mutanensa suka haura miliyan 20, ka rasa ta inda za ka ɓullo wa garin. Kuskuren da yawancinmu muke yi, har da ni a zuwana na farko, shi ne mu jera wurare shida ko bakwai a takarda, dalar Giza (manyan kaburburan fir'aunoni) da gidan tarihi da kogin Nilu da Azhar duk a wuni ɗaya, sai mu ƙare da kashe rabin wunin a cikin cunkoson motoci. Shawarata ita ce ka ware ranar farko ga yanki ɗaya tak wanda ake iya ratsa shi da ƙafa, wato tsohon birnin da ke kewaye da masallacin Azhar, ka ɗora tsarin wunin a kan lokutan salla, ka bar dalar Giza sai ka san kan garin.

Abin da za ka kammala tun kana gida

Biza da katin allurar rigakafin cutar shawara ba sa buƙatar dogon bayani, domin ba za ka hau jirgi ba sai da su. Daga Sakkwato sai ka bi ta Kano ko Abuja, inda jirgin EgyptAir yake ɗauka kai tsaye zuwa Alƙahira cikin awa huɗu zuwa biyar. Abin da mutane suka fi mantawa da shi shi ne katin banki. Da yawa daga wuraren tarihi na Masar sun daina karɓar tsabar kuɗi wajen sayen tikiti, sai dai kati, don haka ka je bankinka da kanka kafin tafiya ka tambaya ko katinka yana aiki a ƙasar waje, da kuma iyakar abin da za ka iya kashewa da shi. Ka riƙe dalar Amurka ita ma, amma idan ka isa can ka canza ta a banki ko a shagon canji mai rajista kawai. Canjin bakin titi, wanda muka ɗauka ba komai ba a nan, laifi ne babba a dokar Masar.

Soket ɗinsu mai rami biyu ne zagayayyu, cajarmu kuwa mai ƙafa uku ce, saboda haka ka sayi mahaɗin da zai daidaita su tun a kasuwar Sakkwato, ka haɗa da ƙaramin batirin ajiyar caji, domin wayarka ce taswirarka kuma ita ce mai kira maka mota. Ka sauke taswirar Alƙahira a wayar yadda za ta buɗu ko babu intanet. Ka yi kwafin fasfo da biza a takarda. Idan kana shan wani magani, ka tafi da shi a kwalinsa tare da takardar likita, musamman magungunan kashe raɗaɗi irin su tiramadol, waɗanda hukumomin Masar ba sa wasa da su ko kaɗan.

Game da sutura, Basakkwace ba ya tsoron zafin Masar, sanyinta ne yake ba shi mamaki. Daga Disamba zuwa Fabrairu dare yakan yi sanyin da ya fi na hunturunmu ratsa jiki, don haka ka saka rigar sanyi a jaka. Ranar yawon kuwa ka bar babbar riga a masauki, ka sa kaftani mai aljihun ciki da takalmin da ka riga ka saba da shi, wanda kuma ake cirewa da sauƙi, domin za ka tuɓe shi sau biyar ko shida kafin magariba.

Daren sauka

Kafin ka bar filin jirgi ka yi abu biyu. Ka sayi layin waya a rumfunan kamfanoni irin su Vodafone ko Orange, inda za su nemi fasfonka, ka tsaya har sai ka ga intanet ɗin ya kama kafin ka bar gabansu. Sannan ka canza ɗan kuɗi zuwa fam ɗin Masar, ka roƙi a haɗa maka da ƙananan takardu na 5 da 10 da 20, domin gobe su za su fi yi maka amfani fiye da manyan. Idan ka isa masauki, ka karɓi katin otal ɗin mai ɗauke da adireshi da Larabci, ka sa shi a aljihun da ba na waya ba. Ka tura wa wani a gida sunan masaukin da tsarin da ka yi na gobe. Agogon Masar yana gaban namu da awa ɗaya a lokacin sanyi, daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba kuwa da awa biyu, saboda haka ka tabbatar wayarka ta koma lokacinsu kafin ka kwanta.

Mataki na farko: daga asuba zuwa fita

Ka lura da alƙibla. Mu a Sakkwato mun saba cewa salla fuskantar gabas ce, amma a Alƙahira Makka tana kudu maso gabas, don haka ka duba alamar da aka manna a ɗakin ko ka tambayi ma'aikatan otal ɗin. Bayan salla ka koma ka ɗan rintsa, domin garin ba ya farkawa da wuri, kuma yawancin wuraren tarihi ba sa buɗewa sai wajen ƙarfe tara. Ka karya da kyau. Abincin safiyarsu shi ne ful, wato dafaffen babban wake da aka dama da mai da lemun tsami, sai ta'amiya, wadda ƙanwar ƙosai ce sai dai cikinta kore ne saboda ganyen da ake niƙawa a ciki, a haɗa da gurasarsu da shayi. Ruwa kuwa ka sha na roba.

Ka bar mafi yawan kuɗinka a ajiye a masauki. Abin da za ka fita da shi ka raba shi biyu: ƙananan takardu a aljihun waje, manya da kati a aljihun ciki, ta yadda ba za ka riƙa fito da damin kuɗi a gaban mutane don sayen ruwa ba. Idan ranarka ta farko ta faɗo Juma'a, ka san cewa safiyar shiru ce kuma masallatai na masu salla ne har a sauko. Idan Lahadi ce, shaguna da dama a tsohuwar kasuwa sukan kasance a rufe.

Mataki na biyu: isa Babul Futuh

Inda za ka nufa shi ne Babul Futuh, ƙofar arewa ta tsohon birnin. Hanya mafi sauƙi ga baƙo ita ce ya kira mota ta manhajar Uber, domin kuɗin yana fitowa a waya tun kafin a tashi, babu ciniki babu gardama. A nan karatun allo zai yi maka rana, saboda lambobin motocin Masar da haruffa da alƙaluman Larabci aka rubuta su. Ka tuna cewa zagayen da yake kama da sifili shi ne biyar, ɗigo kuma shi ne sifili. Idan farar tasi ta kan titi ka tare, ka ce wa direba ya kunna “addad”, wato mita, kafin ka rufe ƙofa, in ya ƙi ka sauka cikin mutunci ka tari wata.

Akwai kuma jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda aka buɗe layinsa na farko a 1987, kuma ya fi kowace mota sauri da araha. Wanda ya sauka kusa da dandalin Tahrir zai shiga a tashar Sadat, ya hau layi na biyu mai nufar Shubra, ya sauka a Ataba, ya koma layi na uku mai nufar Adli Mansur, ya sauka a tasha ta gaba, Babush Sha'ariyya, daga nan tafiyar ƙafa ce kaɗan zuwa ƙofar. Kada ka yar da tikitinka, domin da shi ake fita. A tsakiyar kowane jirgi akwai taragun mata zalla, namiji ya kiyaye su, mace mai tafiya ita kaɗai kuwa su ne suka fi mata kwanciyar hankali. Duk da haka ni na fi son baƙo ya hau mota a safiyar farko, ya bar jirgin sai ya huta.

Kafin ka sauka daga motar, ka gyara kunnenka ga Larabcinsu. Wanda ya yi nahawu a zaure zai yi magana a fahimce shi, wataƙila a yi masa murmushi a ce ya yi kamar mai huɗuba, amma amsar da za a ba shi ita ce matsalar. Misirawan Alƙahira suna furta jimun kamar “ga”, shi ya sa masallaci yake zama “gami'”, fam kuma “gine”, sannan suna haɗiye ƙafun ta koma kamar hamza. Kalmomi kaɗan sun ishe ka wunin: “fen” ina, “bikam” nawa ne, “yimin” dama, “shimal” hagu, “ala tul” miƙe sosai, da kuma wadda za ka fi kowace maimaitawa, “la, shukran”, wato a'a, na gode.

Mataki na uku: titin Mu'izz, daga arewa zuwa kudu

Ka tsaya a gaban Babul Futuh ka dube ta da kyau kafin ka shige. An gina ta da dutse a 1087, zamanin waziri Badrul Jamali, wato fiye da shekara 700 kafin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa birnin Sakkwato a 1809. Wanda ya san Ƙofar Marke da Ƙofar Rini da Ƙofar Taramniya zai gane tsarin nan take: birni ne mai ganuwa, kuma babban titi ya ratsa shi daga ƙofar arewa zuwa ta kudu. Wannan titin shi ne titin Mu'izz, tsawonsa bai wuce kilomita ɗaya da 'yan kai ba, kuma shi ne igiyar da za ka riƙe duk wunin. Muddin kana kansa ko kana iya komowa kansa, ba ka ɓata ba. Dalilin farawa daga arewa shi ne azahar ta riske ka a kusa da Azhar.

Da shigarka, a hannun hagu, akwai masallacin Hakim da aka kammala a 1013. Ka shiga, ka zauna a gefen farfajiyarsa mai shimfiɗe da farin marmara na minti goma, ka bar kunnenka ya huta daga ƙarar titi. Gaba kaɗan akwai ƙaramin masallacin Aƙmar na 1125, wanda adon fuskarsa ya isa ka gani daga waje. Inda nake so ka ɗan daɗe shi ne wurin da titin ya rabu biyu, inda wani siririn gini yake tsaye a tsakiya, sabil ɗin Abdurrahman Katkhuda na 1744. A ƙasansa akwai ɗaki mai manyan tagogi na ƙarfe inda ake miƙo wa masu wucewa ruwan sha kyauta, a samansa kuma akwai buɗaɗɗen ɗaki inda yara, galibi marayu, suke koyon Alƙur'ani. Randar ƙofar gida ce da makarantar allo aka ɗora ɗaya a kan ɗaya, aka yi musu waƙafi. Irin waɗannan gine-gine suna da yawa a tsohon birnin, kuma da zarar ka gane siffar ɗaya za ka riƙa tsinto sauran da kanka.

Daga nan za ka shiga wurin da ake kira Bainal Ƙasraini, inda manyan gine-ginen sarakunan Mamluk, waɗanda suka mulki Masar har zuwa 1517, suka jeru a hannun dama. A nan ake sayen tikitin da ya haɗa gine-gine da dama na titin, kuma kuɗin baƙo ya fi na ɗan ƙasa, wannan doka ce, ba zalunci mai tikiti ya yi maka ba. Kada ka ce sai ka shiga kowanne. Ka zaɓi biyu: makarantar Sultan Barƙuƙ da aka gina tsakanin 1384 da 1386, da ginin Sultan Ƙalawun na 1284 zuwa 1285, wanda ya haɗa makaranta da ƙubba da asibiti. A ƙarƙashin ƙubbar Ƙalawun ka ɗaga kai ka dubi yadda haske yake shigowa ta gilasai masu launi yana sauka a kan ginshiƙai. Asibitin nan kyauta yake duba marasa lafiya a zamaninsa, kuma har yau akwai asibitin ido a wani sashe na filinsa, abin da ya kamata masu zuwa Masar neman magani su sani, domin sana'ar ta daɗe a garin.

A wannan tsakanin ne za a fara tare ka. Hularka da kaftaninka sun riga sun faɗi daga inda ka fito, kuma mafi yawan masu gaishe ka gaisuwa ce tsakani da Allah. Amma akwai masu sana'ar baƙi. A zuwana na farko wani dattijo mai fara'a ya tare ni da “Ya Hagg, min Nijirya? Ahsan nas!”, wato “Alhaji, daga Nijeriya? Mutanen kirki!”, ya ce ginin da na nufa a rufe yake sai bayan awa ɗaya, in zo in sha shayi a shagon ɗan'uwansa kafin a buɗe. Kunya irin tamu ta hana ni ƙi. Na fito bayan awa guda da kwalabe uku na turaren da ban yi niyyar saye ba, na tarar ginin kuwa tun safe a buɗe yake. Don haka duk wanda ya ce maka wuri a rufe yake, ka gode masa ka je ƙofar ka gani da idonka. Ka amsa sallama, ka ɗora hannu a ƙirji, ka ce “la, shukran”, kuma kada ƙafarka ta tsaya, domin tsayuwar ita ce amsar da yake jira. Haka nan duk wanda ya buɗe maka wata ƙofa, ko ya nuna maka wani lungu, ko ya ɗauke ka hoto, yana sa ran na goro, wanda suke kira baƙshish. Wannan al'adar garin ce, kuma abin da aka tanadi ƙananan takardun nan dominsa ke nan.

Mataki na huɗu: ratsa kasuwa, salla a Azhar

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya da rabi ka karya hagu ka shiga Khanul Khalili, kasuwar da asalinta ya koma ƙarshen ƙarni na 14. Yau ratsawa za ka yi, ba sayayya ba. Ka tambayi kuɗin abu ɗaya, misali carbi ko jallabiya, a shaguna uku daban-daban, ka riƙe a ranka, ka wuce. Wanda ya saba ciniki a babbar kasuwar Sakkwato ba sai an koya masa tayi ba, sai dai ya sani cewa farashin farko da ake gaya wa baƙo a nan yakan yi nisa ƙwarai da na gaskiya, kuma ƙa'idar tana nan kamar ta gida: idan ka taya aka sallama, ka saya. Saboda haka kada ka taya abin da ba ka shirya ɗauka ba. Kayan fata kuwa, mutumin da ya fito daga garin dukawa ya duba ɗinkin da kyau kafin ya yaba.

Kasuwar za ta fito da kai dandalin masallacin Husaini, wurin da ba ya rabuwa da jama'a dare da rana. Azhar yana tsallaken babban titi, kuma akwai hanyar ƙafa ta ƙarƙashin titin, ita za ka bi. An aza harsashin masallacin a 970 bisa jagorancin Jauhar, kwamandan Faɗimiyyawa, daular da ta kafa Alƙahira, aka fara salla a cikinsa a 972. Ka ba mai ajiyar takalma naka ka karɓi lamba, ko ka saka su a leda ka riƙe. Ka yi alwala da wuri kafin a kira salla, domin wurin yakan cika. A sahu za ka ga bambance-bambance kaɗan da abin da muka saba a mazhabar Malikiyya, domin Shafi'iyya da Hanafiyya ne suka fi yawa a birnin, kuma babu wanda zai dube ka don ka saki hannu ko ka riƙe.

Bayan salla kada ka yi gaggawar fita, domin wannan ita ce hutawarka ta tsakar rana. Ka jingina da ginshiƙi a inuwa ka kalli ɗalibai daga Indonesiya da Senegal da sauran ƙasashe, kowa da littafinsa. Tun ƙarnukan baya masallacin yana da sassa da ake kira riwaƙ, inda ɗaliban kowace nahiya suke kwana suna karatu, har da riwaƙin mutanen Barno. A wannan birni ne Malam Muhammadu al-Kashinawi, masanin lissafi daga Katsina, ya rasu a 1741, kuma a nan Imam Suyuɗi ya rayu har ya rasu a 1505, shi da ya taɓa aika wasiƙar nasiha ga sarakunan Katsina da Agadas. Wanda yake sauraren tafsiri da azumi a Sakkwato ya daɗe yana jin maganar malaman garin nan, ko bai sani ba.

Da wuya ka tashi daga wurin ba ka ji Hausa ba. Ni ina amsa waya a farfajiyar sai wani saurayi mai ɗauke da littattafai ya rage tsawo ya gaishe ni, ya ce, “Baba, in ban yi kuskure ba, wanga halshe na Sakkwato na.” Na ce, “Awo, ɗana.” Shi ne ya nuna mini inda ɗalibai suke cin abinci a bayan masallacin, a kuɗin da bai kai rabin na bakin dandali ba. Idan Allah ya haɗa ka da irinsa, ka karɓi lambarsa, amma ka tuna karatu ya kawo shi, kada ka mayar da shi ɗan rakiyarka na wuni guda.

Abincin rana ka nemi kushari: shinkafa da taliya da adas da wani farin wake, a zuba miyar tumatir da soyayyar albasa a kai. Yana da araha, yana riƙe ciki, kuma babu nama a ciki balle ka yi wasiwasi. A kan tebur akwai kwalba biyu, ɗaya ruwan tafarnuwa, ɗaya yaji mai zafin gaske, ka zuba na biyun da kaɗan-kaɗan. Idan ka ga an rubuta karkade, soɓorodo ne. A wuraren shan shayi na bakin dandalin Husaini kuwa, ka tambayi kuɗi kafin ka zauna.

Mataki na biyar: la'asar a Bab Zuwaila

Ka koma kan titin Mu'izz ta ɓangaren kudu, tsakanin tagwayen gine-ginen Sultan Guri na farkon ƙarni na 16. Wannan rabin titin kasuwar 'yan gari ce, ta tufafi da barguna, babu masu jan hannun baƙo sosai. A ƙarshensa Bab Zuwaila take, ƙofar kudu, wadda aka gina a 1092, kuma a nan Turkawan Usmaniyya suka rataye Tuman Bay, sarkin Mamluk na ƙarshe, a 1517. A kan ƙofar aka ɗora hasumiyoyi biyu na masallacin Mu'ayyad da ke jikinta, inda za ka iya yin la'asar. Ana sayen tikiti a hau, kuma ana rufewa wajen ƙarfe biyar, don haka kada ka makara. Matakalar ƙunci gare ta da duhu, mai ciwon gwiwa ya tsaya a saman ƙofar, nan ma ya wadatar. Daga can za ka hango duk hanyar da ka biyo tun safe, da hasumiyoyi ba iyaka, da ganuwar Salahuddin a kan tudu. Ka yi amfani da wannan damar ka daidaita taswirar wayarka da abin da idonka yake gani, domin daga lokacin ne garin zai fara zama a kanka. In ka sauko, tsallaken ƙofar akwai rufaffiyar kasuwar Khayamiyya ta masu ɗinkin tantuna da hannu, minti goma sha biyar sun isa.

A nan ka tambayi ƙafafunka. In sun gaji, ka koma masauki, wunin ya cika. In da saura, ka hau mota zuwa lambun Azhar, wanda aka buɗe a 2005 a kan tudun da ya shafe ɗaruruwan shekaru yana juji. Ana biyan kuɗin shiga. Ka samu wuri a kan tudun kafin rana ta faɗi, ka jira kiran magariba, wanda yake tashi daga ɗaruruwan masallatai a ƙasanka kusan a lokaci guda.

Mataki na shida: komawa masauki

Komawa ta fi fitowa wuya, domin daga la'asar zuwa bayan isha'i titunan a cushe suke, ga gajiya, ga cajin waya ya yi ƙasa. Kada ka kira mota a tsakiyar cunkoson dandalin Husaini, direba ba zai same ka ba. Ka taka zuwa wurin da yake da suna kuma mota take iya tsayawa, kamar ƙofar lambun Azhar, ka kira daga nan. Idan tsallaka babban titi ta kama ka, kada ka jira motoci su tsaya, ba za su tsaya ba, kuma kada ka ruga. Ka raɓi 'yan gari, ka tsaya ta gefen da su ne suke tsakaninka da motocin, ka taka daidai da takunsu.

Kada ka ɗauki hoton 'yan sanda, ko sojoji, ko gine-ginen gwamnati, kuma ka nemi izini kafin ka ɗauki mutane, musamman mata. Idan ka rikice, ka shiga shagon sayar da magani ko masallaci ka nuna katin otal ɗinka, ya fi ka tsaya a tsakiyar titi kana jujjuya waya. Lambar 'yan sandan kula da baƙi ita ce 126, ta motar asibiti kuma 123, ka adana su tare da lambar ofishin jakadancin Nijeriya. Mace mai tafiya ita kaɗai ta zauna a kujerar baya, ta tura wa wani a gida bayanin motar daga manhajar, kuma ta fi samun sauƙi idan ta koma kafin dare ya yi nisa.

Da ka shiga ɗaki ka jona waya da batirin ajiya a caji, ka kira gida tun ba su kwanta ba. Sannan ka ɗauki takarda ka rubuta abin da ka kashe ɗaya bayan ɗaya: mota zuwa da dawowa, tikiti, ruwa, kushari, na goro. Wannan lissafin shi ne ma'aunin da za ka riƙa gwada duk farashin da aka gaya maka a sauran kwanakin. In gobe Giza ka nufa, ka duba katin bankinka ya yi aiki yau ko bai yi ba, ka tanadi ruwa roba biyu, ka sa agogo ya tashe ka yadda za ka bar masauki da ƙarfe bakwai, kafin rana ta ɗaga kuma kafin manyan motocin 'yan yawon buɗe ido su cika ƙofar.